Katin hoto mai OC da wanda babu: ina Riyal 250 ɗinka za su fi amfani?

Ƙanena, na ga tambayarka tun bayan Isha, na ƙi ba ka amsar tsaye ne sai da na rufe shago na zauna. Ga waɗanda ba su gani ba: yaron nan yana haɗa kwamfutarsa ta farko a nan Jidda, don wasanni da kuma yankan bidiyon da yake yi wa masu kawo 'yan Umara. Ya zaga shagunan titin Khalid bin Walid neman katin hoto, wanda Larabawa ke kira kart shasha, aka ajiye masa kwali biyu na RTX 5060 Ti mai gig 8. Ɗaya fanka biyu ne, ba wani ƙarin rubutu a jikinsa. Ɗayan fanka uku, da OC (wato overclock, an ƙara wa katin gudu tun daga masana'anta) ɓaro-ɓaro a kwali, ya ɗara na farkon da Riyal 250. Mai shago ya ce masa na biyun ya fi ƙarfi. Shi ne yake tambaya ko ƙarin kuɗin ya cancanta.

Abu biyu aka ƙulla maka a ƙunshi ɗaya aka sa musu farashi ɗaya: haruffan OC, da kuma gangar jikin da ta fi girma. Sai an kwance ƙunshin za ka ga wanne kake biya. Haruffan su kaɗai ba su kai Riyal 250 ba, ko kusa. Gangar jikin tana da nata amfani, amma a kan wannan katin ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Akwai kuma kwali na uku da ba a ajiye maka ba, wanda a ganina shi ya kamata ka nema. Zan zo kansa.

Fara da abin da ke cikin kwalayen nan biyu. Ƙwayar da ke yin aikin, NVIDIA ce ta zana ta, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera ta. Su ASUS da MSI da Gigabyte da Zotac da Palit saye suke yi, kowa ya ɗora ta a kan nasa allo, ya sa mata nasa ƙarfen shan zafi da fankoki, ya manna sunansa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke: 'yan aiki, wato ƙananan sassan da ke yin lissafin hoto, 4608 ne a cikin ƙwayar 5060 Ti, ko a kwalin wa ka same ta. Ma'ajiyar katin ma, wato memori ɗin da ake aunawa da gig, iri ɗaya ce, kuma galibi gudunta ɗaya. Abin da masana'anta ke yi kafin ta rubuta OC shi ne ta shiga BIOS ɗin katin, wato ƙaramar manhajar da ke cikinsa, ta ɗaga lambar gudun ƙwayar kaɗan, wani lokaci ta ƙara masa iznin jan wuta, ta gwada ta ga bai tsaya ba, shi ke nan.

Kaɗan ɗin nan nawa ne? Bari in ɗauki katin da ya fi wucewa ta hannuna, yayansa RTX 4060 da ya fito a 2023. NVIDIA ta rubuta masa 2460 MHz. ASUS Dual mai OC an rubuta masa 2505. Bambancin 45 ke nan, bai cika kashi 2 cikin 100 ba. A RTX 4070 lambar asali 2475 ce, Gigabyte Gaming OC ta kai ta 2565, kashi 3 da ɗoriya, kuma wannan ana ganinsa ƙari mai kauri. To ka mayar da shi abin da ido zai gani. Wasan da ke ba ka hoto 60 a daƙiƙa, idan aka ƙara masa kashi 2 ya koma 61. Ko ɗayan nan ma ba kullum ake samunsa cikakke ba, don ma'ajiya ba ta ƙara gudu ba, kuma sau da yawa ita ake jira. Na taɓa jera kwamfuta biyu a kan tebur, wasa ɗaya, wuri ɗaya, na rufe lambar da ke ƙirgawa a kusurwar shasha, wato allon kwamfutar, na ce wa yaran shago su nuna mini mai OC. Biyu sun nuna dama, biyu sun nuna hagu, ɗaya ya ce shi shayi zai je ya sha.

Naka katin, NVIDIA ta rubuta masa 2.57 GHz, wato wajen 2570 MHz. Juya kwalin mai fanka ukun ka karanta tasa lambar, ka yi lissafin da kanka a waya. Minti ɗaya ya isa.

Amma inda maganar ta fi daɗi shi ne, lambar da ke kwali ba ita katin ke gudu a kai ba, na OC ɗin ko wanda babu. Tun 2012, da aka fito da GTX 680, katunan NVIDIA suna da wani tsari da ake kira GPU Boost, AMD, kamfanin da ke gasa da ita, ma tana da irin nata. Ka ɗauke shi kamar mahayi a kan doki mai jini a jika. Dokin nan ba a saita shi a taku ɗaya aka bar shi ba. Mahayi na sakar masa linzami muddin abu uku ba su kai iyaka ba: wutar da aka yarje masa ya ja, ƙarfin lantarkin da ƙwayar za ta iya ɗauka, da zafin jikinsa. Shi ya sa za ka ga 4060 da aka rubuta wa 2460 yana zaune a wajen 2700 cikin wasa, ba wanda ya taɓa shi. Na sha ganin haka a kan teburina. Wato katin da mai shago ya raina, wanda ba OC a jikinsa, shi ma kullum yana wuce lambarsa da ɗaruruwa, da kansa. Ƙarin masana'anta ɗan turi ne a kan gudun da dama ake yi.

Linzami na ukun nan, zafi, shi ya fi shafar mu mutanen ƙasar nan. Yayin da ƙwaya ke ɗumama, katin yana sauke gudu mataki-mataki, kamar 15 MHz kowane taku, tun kafin ya kai iyakar da aka sa masa wajen digiri 83. Taku uku kawai, ka ga 45 ɗin da ka biya ta tafi. Kuma fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Idan ɗaki ya ƙara digiri goma, ƙwaya ma kusan goman za ta ƙara. Masu gwajin da kake kallo a YouTube galibi a Amurka ko Turai suke, cikin ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai. Kai kuwa a Jidda kake, inda watan Agusta idan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya rabin awa riga ke manne wa mutum a baya.

Bara wani bawan Allah ya kira ni Makka, ta wajen Shara Mansur, wai katin da ya saya da tsada yana ci baya. Kati ne mai kyau, fanka uku, OC, da fitilu masu canza launi. Ɗakinsa na can saman bene, irin ɗakin da ake ɗorawa a kan rufi, rana na dukansa daga hantsi har la'asar. Kwamfutar kuma ya cusa ta cikin durowar tebur mai murfi, don kada yara su taɓa. Da na buɗe murfin sai da zafi ya bugi fuskata kamar na leƙa tanderun mai burodin tamis. Ragar gaban akwatin ta toshe da ƙura, in ka shafa yatsa sai ta nannaɗo kamar auduga. Katin na zaune a digiri 84, fankoki na kuka kamar injin markaɗe, gudunsa ya sauko ƙasa da na katin da babu OC. Ba mu sayi komai ba. Muka fito da akwatin muka ɗora shi kan tebur, muka wanke ragar a famfo, muka juya fanka ɗaya da aka ɗaura a baibai tana mayar da iska mai zafi ciki. Zafi ya sauko zuwa sittin da wani abu, gudu ya haura da sama da 100 MHz. Wankin raga ya ba shi fiye da ninkin abin da haruffan kwali suka yi masa alkawari.

To a nan ne mai fanka uku yake da hujja ta gaskiya, kuma ba zan danne masa haƙƙi ba. Kowane kamfani yana da hawa-hawa: ASUS daga Dual zuwa TUF zuwa ROG, MSI daga Ventus zuwa Gaming zuwa Suprim, Gigabyte daga Windforce zuwa Aorus, Sapphire a ɓangaren AMD daga Pulse zuwa Nitro+. Idan ka hau sama ana ƙara maka ƙarfen shan zafi mai kauri, bututun jan ƙarfe masu yawa, bayan ƙarfe maimakon roba, wani lokaci da ɗan makunni mai BIOS biyu, ɗaya na shiru ɗaya na gudu. Wannan abu ne da hannu ke ji, ɗauki kwalayen biyu ka auna nauyinsu. Babban ƙarfe yana nufin fanka ba sai ta yi ta haƙilo ba, ga shiru, ga sanyi. Idan kwamfutar a ɗakin kwananka take, kana barin ta tana fitar da bidiyo da dare, shirun nan yana da daraja. Sai dai ka lura, duk wannan alherin gangar jiki ne. OC rakiya ya yi. Sau da yawa ma gangar jiki ɗaya ake sayarwa iri biyu, da haruffan da babu, fanka ɗaya ƙarfe ɗaya, kuma a nan ne ake ganin ainihin kuɗin haruffan: ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Tambayar ita ce ko katinka yana bukatar wannan jikin. 5060 Ti wat 180 yake ja. Fanka biyu masu kyau suna riƙe 180 ba tare da gumi ba, in dai akwatin yana shaƙar iska. Da a ce 5070 Ti kake saye mai wat 300, ko RX 9070 XT mai 304, da maganata ta canza, don a can bambancin ƙarfe yana fitowa fili a kunne da ma'aunin zafi. A kan 9070 XT ɗin ma wasu masu OC har wat 340 ake sakar musu, wato ƙarin nasu ba na lamba kaɗai ba ne, amma duk wat ɗin da aka ƙara zafi ne zai fito ya zauna da kai a ɗaki. Ɗora katafaren ƙarfe a kan ƙaramar ƙwaya kuwa, sirdin sarki ne a bayan jaki. Yana da kyau a ido, jakin dai jaki ne.

Wani zai ce maka mai OC yana shan wuta. Gaskiya ne, amma kada wannan ya shiga lissafinka. A ce ya ƙara wat 20, kana kunna shi awa huɗu kullum, a wata ka ƙara kilowat-awa 2.4. Kuɗin wutar gida a nan halala 18 ne (halala ɗari ne Riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6000 a wata. Ko rabin Riyal bai cika ba. Wani kuma zai ce OC yana kashe kati da wuri. Wannan tsoro ne da aka gada daga zamanin da mutane ke ɗura wa ƙwaya lantarki da hannu har ta ƙone. Ƙarin masana'anta yana cikin iyakokin da katin ke tsare kansa da su. Mai shago kuma zai iya ce maka ƙwayoyin OC zaɓaɓɓu ne. An dai gwada sun riƙe lambar da aka rubuta, iyakar abin da aka lamunce maka ke nan. Abin da ya wuce haka rabo ne, na ga kati mai araha da ya fi mai tsada jure ƙari, na kuma ga akasin haka.

Kuma ƙarin nan kana iya yinsa da hannunka kyauta. MSI Afterburner manhaja ce da ke aiki da katin kowane kamfani, manhajar NVIDIA ma tana da wurin da za ta gwada katin ta ƙara masa da kanta, AMD tana da nata a cikin Adrenalin. Ja ɗan sandan gudu ka ƙara 100, yawancin katuna za su karɓa ba gardama, ka ga ka ninka abin da masana'anta ta bayar. Fifikon na masana'anta guda ɗaya ne: an gwada shi, kuma garanti ya rufe shi a wannan lambar. Naka in ya yi yawa wasa zai rufe kansa, ko bidiyon da ya kai kashi casa'in ya tsaya, ka rage ka sake. Ni dai a ƙasar nan abin da nake yi wa kwamfutocin da nake haɗawa kishiyar haka ne. Ina rage wa ƙwaya lantarki ne, in bar gudun kusan inda yake. Zafi ya sauka, fanka ta yi shiru, katin ya daɗe a saman gudunsa maimakon ya hau ya faɗo. Idan ka haɗa taka ka kawo ta, aikin rabin awa ne.

Yanzu ga kwali na ukun. 5060 Ti iri biyu NVIDIA ta fitar a watan Afrilun 2025: mai gig 8 a Dala 379, mai gig 16 a Dala 429. Dala 50 ne tsakani. Riyal a ɗaure yake da Dala a kan 3.75, wato Riyal 187 da rabi, ka ɗora harajin kashi 15 ya kama wajen 216. Farashin kasuwa yana hawa da sauka, ba lallai ka same shi haka cif ba, amma ka ga inda na dosa. Kuɗin da ake so ka zuba don ƙarin kashi biyu ko uku, kusan su ne kuɗin ninka ma'ajiyar katin a farashin da suka fito da shi.

Bambancin waɗannan biyun kuwa ba sai an rufe lamba an yi wa yara jarrabawa ba. Gudu idan ya gaza kaɗan, hoto 61 ne ya koma 60. Ma'ajiya idan ta cika, katin sai ya koma aron wuri a ma'ajiyar kwamfuta, hanya mai nisa kuma matsattsiya, nan take wasa ya fara sarƙewa, bango da tufafin mutanen ciki su dusashe kamar an shafa musu man shanu. Sababbin manyan wasanni, musamman a shasha mai 1440, sun fara cika gig 8. Ba OC ɗin da ke maganin wannan, ko da an ƙara 300. Kai kuma da kake yankan bidiyo abin ya fi shafarka. Hotunan da ake turo maka daga wayoyin alhazai yanzu yawanci 4K ne, ka jera su a manhajar yankan bidiyo irin DaVinci Resolve ko Premiere, ka sa gyaran launi da rage hayaniyar hoton dare na harabar Harami, ma'ajiyar kati ce ke fara cika. Fitar da bidiyon kuma wani sashe ne daban a cikin ƙwayar yake yinsa, NVENC, kuma iri ɗaya ne a kwalayen duka.

Haka abin yake ko a hawa na gaba. RTX 5070, da ya fito a Dala 549, yana da 'yan aiki 6144, ya ɗara naka da kashi ɗaya cikin uku. Mafi arahar 5070, mai baƙar roba ba ko fitila, zai bar mafi tsadar 5060 Ti a baya ko an yi masa OC na duniya. Ina faɗin haka ne don na ga masu bin ado suna hawa, Riyal ɗari nan, ɗari biyu can, har su kai ƙofar kati na gaba ba su sani ba. Idan kuma aljihu ya matse, ka tambayi RX 9060 XT mai gig 16 na AMD, da aka fitar a Dala 349. A wasa ba shi da laifi ko kaɗan, sai dai don aikin bidiyonka ni na fi natsuwa da NVIDIA.

Abu biyu da ba a rubuta su da manyan haruffa a kwali ba, kuma sun fi OC iya ɓata maka rai. Na farko tsawo. Ni kaina na taɓa faɗawa, shekarun baya da nake ganin na iya. Na sayi kati mai fanka uku a wani shago, na zo gida da murna, ya ƙi shiga akwati, saura kamar faɗin yatsa biyu ya tokari fankar gaba. Na mayar, mai shagon ya dubi kwalin ya ce an yanke tef, ba ya karɓa. Sai da na sayi sabon akwati na kwashe komai na mayar ciki, dare guda cur. Mai fanka uku yakan kai santimita 30, mai biyu kuwa ashirin da 'yan kai. Sa tef ka auna naka akwatin kafin ka fita, ka duba kaurinsa ma, kada ya rufe maka ramin da ke ƙasa.

Na biyu garanti, daman inji mutanen gari. Ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci a nan shekara biyu ce a kan kayan lantarki, amma takarda ce ke tsaya maka. Karɓi fatura, wato rasit, mai lambar haraji, ka tabbata lambar jikin katin ta yi daidai da ta kwali, ka ɗauki hotonsu duka don tawadar irin takardar nan tana gogewa cikin 'yan watanni. Ka tambayi mai shago kai tsaye, in ya lalace shi zan kawo wa, ko akwai wakili a Jidda, ko sai an tura waje? Kati marar OC mai wakili a gari ya fi mini mai OC da aka shigo da shi a jaka daga wata ƙasa. In kuma kana da niyyar tafiya da kwamfutar gida Kano nan gaba, ka sani garantin nan ba zai bi ka jirgi ba. Ranar sayarwa ma, leƙa Haraj, shafin sayar da kayan hannu, ka gani, masu saye sunan ƙwaya da yawan gig suke tambaya, ba mai ƙara maka abin kirki don haruffa biyu.

Ba ina cewa ka guji OC ba ne. Kamfanoni yanzu kusan komai suna manna masa haruffan, har mafi arahar katunansu, wani lokaci ma wanda babu ɗin ne ke wuyar samu. Idan ka tarar da mai OC a farashi ɗaya da wanda babu, ko Riyal talatin zuwa hamsin tsakani, ɗauka, ba abin da zai cuce ka da shi. A 250 ne na ce a'a.

Ranar Asabar ka koma, kada ka tsaya a shago ɗaya, titin nan shaguna ne a jere. Ka ce 5060 Ti mai gig 16 kake so, fanka biyu, kowane kamfani cikin sanannun nan, da OC ko babu. Ka duba farashin Amazon da Jarir a waya kafin ka buɗe baki, don ka san inda za ka tsaya a ciniki. In canji ya rage, fanka biyu na gaban akwati za ka saya da shi. Ba ka faɗa mana fawar da ka saya ba, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, NVIDIA wat 600 ta ce a tanada wa wannan katin, don haka ka ɗauko hoton takardar da ke manne a gefenta ka turo, tare da tsawon akwatin, in duba maka kafin ka biya.